Ni dai gajeren labari ne nawa

Jiya ma an sake yi mini tambayar nan: "Malam, yaushe za ka rubuta littafi na gaske?" Wato duk gajerun labaran da na yi shekaru ina rubutawa sharar fage ce, ba a fara wasan ba tukuna.

To, na taɓa gwadawa. Wata goma sha huɗu na yi ina fama da wani dogon labari, har ya haura shafi 200. Da na ajiye shi ya kwana biyu na dawo na karanta, sai na tarar labarin gaba ɗaya yana cikin shafi shida. Mata ce mijinta ya rasu, ta wayi gari ta ɗauko kofi biyu kamar kullum, ta tsaya tana kallon na biyun, sannan ta mayar da shi a hankali kada ya yi ƙara. Sauran duk ciko ne: tarihin kakanninta, gulmar maƙwabta, babi uku na wata tafiya da ba ta tsinana komai ba. Tsakani da Allah, tun ina rubuta su na san kame-kame nake yi.

Gajeren labari ba ya ba ka wurin ɓuya. A littafi mai babi arba'in, in biyu suka yi lami mai karatu zai yafe ya wuce. A labari mai kalma 1,500, jimla ɗaya ta yi sanyi an gan ka. Wannan matsin nake so, shi ke hana ni surutu.

Masu cewa aikin 'yan koyo ne, ina za su kai Anton Chekhov, likitan nan na Rasha da ya rasu a 1904, wanda ya bar ɗaruruwan gajerun labarai? Alice Munro ta Kanada ta fara ne tana satar lokaci tsakanin rainon yara da aikin gida, kuma da gajerun labaran nan ta ci kyautar Nobel a 2013.

Ba ina raina masu dogon zango ba ne. Akwai labarin da sai ka zauna da mutanensa mako guda kafin su shiga ranka, kuma masu buga littafi sun fi sonsa don ya fi shiga kasuwa. Numfashina ne bai kai can ba.

Shafi shidan nan na ciro su, na sake rage ɗaya. Sauran suna nan cikin kwamfuta, ban ƙara buɗe su ba.