Ni da Tayarod ɗin A-kori-kura

A-kori-kurata ta tsufa, amma injinta garau yake. Sitiyarin ne ya fara yi mini taurin kai. Sai na murɗa shi kusan taƙi guda kafin tayoyin su samu labari, in kuwa na faɗa rami sai in ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa. Tayar gaba ta dama ta cinye ta gefe ɗaya, ɗaya gefen sabo fil. Duk wanda ya daɗe a gareji ya san tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ake fara tuhuma, ni kuwa na daɗe a gareji, a kan benci, ina jiran a gama mini aiki. Sai na ga ilimin ya isa.

Na ɗaga gaban motar, na tokare ta da ƙafafun ƙarfe, don mai shiga ƙarƙashin mota ba ya ba jak amanar ransa. Na kama taya dama da hagu na girgiza, ta yi wasa. Na kama sama da ƙasa, shiru, wato boljoyin, haɗin da ke riƙe taya a jikin mota, lafiyarsa lau. Na sa uwargida ta hau kujerar direba tana kaɗa sitiyari, ni ina kwance ina kallon haɗin yana ɓalɓal, robarsa ta yage, babu ko ɗigon giris.

"Maigida, in ci gaba, ko in kira bakanike tun rana ba ta yi ba?"

Ban tanka ba.

Kusar da ke ratsa notin ta fito gutsi-gutsi, notin ma ya kwance. A lissafina daga nan sai abu ya faɗo. Ko gezau. Ashe wuyan tayarod tsukakke ne a sama, mai kauri a gindi, ramin da yake zaune ciki ma haka aka sassaƙa shi, ga shekaru da tsatsa sun ɗaura musu aure. Na ɗauko guduma na hau kansa da duka har ya baje kamar laimar kwaɗi. Yanzu ko ya so fita, ramin ya yi masa kaɗan.

Ƙarar ce ta fito da maƙwabcina, dattijo da ya yi rayuwarsa a tuƙin manyan motoci. Ya tsaya ya kalle ni, ya kalli gudumar.

"Malam, ba kansa ake duka ba. Gefen ƙarfen da yake ciki ake bugawa, shi zai tofo shi."

Sai da na goge bajajjen kan da magagari, sannan dattijo ya karɓi guduma ya ɗana wa gefen. Tayarod ya faɗo, bai zarce ko'ina ba sai kan babban yatsana na ƙafa. Dattijo ya miƙo mini gudumata ya koma gida, ko sannu babu.

Saura kwance shi daga bututun da ake daidaita tsawo da shi. Na murɗa hagu, yadda duk notin kirki yake kwancewa. Ya ƙi. Na zura wa sifana dogon bututu, na kira ɗana ya rataya a jiki, muka yi ta nishi. Bututun nan zare biyu gare shi, ɗaya na dama ɗaya na hagu, don idan an juya shi sandar ta ƙara tsawo ko ta ragu ba sai an kwance komai ba. Dabara ce mai kyau, amma wanda ya ƙirƙiro ta bai bar wasiyya ba. Duk ƙarfin da muka zuba, ɗaurewa muke yi.

Da ya fara fita, na ɗora yaron a kan ƙirga zagaye, tunda yawan da tsohon ya fita da shi, da shi sabon zai shiga, in ana so tayoyi su zauna kusa da inda suke. Ana tsaka da haka uwarsa ta ƙwala masa kira. Ya dawo yana sosa ƙeya.

"Baba, sha bakwai muka tsaya ko ashirin da bakwai?"

Na raba gardama, na ɗauki ashirin da biyu.

Sabon ya shiga, na ɗaure noti har tsagarsa ta dace da ramin kusa, na ɗura giris. Da na fita gwaji, motar ba ta miƙewa sai na karkata sitiyari, tayoyin na kuka, ƙwas-ƙwas ɗin nan kuma yana nan daram.

A wurin masu alaimen, wato daidaita tayoyi, bakanike ya ce tazarar gaban tayoyin da bayansu 'yan milimita kaɗan ya kamata ta bambanta, tawa kuwa da yatsu ya auna ta. Ƙarar kuma daga bushin hannun da ke riƙe sandar sitiyari ta ɓangaren fasinja take fitowa. Ya leƙo daga ƙasa yana goge hannu.

"Oga, wa ya yi maka wannan aikin?"

"Wani yaro ne," na ce.

Ɗana ya zuro kai ta taga. "Baba, ni fa ƙirga kawai na yi."