Girma ya zo da kayansa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya na shiga mota daga Jega zuwa Birnin Kebbi, direba ya sa wata waƙa, ni dai ba fatawa na zo bayarwa kan kiɗa ba wannan aikin malamai ne, amma maganar mawaƙin ta tsaya min a rai. Yana tuna lokacin da babbar damuwarsa ita ce kar a kira shi gida ana tsakiyar langa, yanzu ko ga kuɗin haya ga kuɗin makarantar yara ga tsohuwa ba lafiya, ƙarshe dai ya ce ya daina kokawa da rayuwa ya rungume ta yadda ta zo. Wani matashi kusa da ni har da share ƙwalla.

To amma fa rungumar nan iri biyu ce. Wani gajiya ce kawai, ya naɗe hannu ya tare a majalisa yana zagin zamani. Wani kuma ya san Wanda ya aiko da abin. Allah ai bai ɓoye mana ba, a Suratul Balad aya ta 4 Ya ce Ya halicci mutum cikin wahala. Manzon Allah (SAW) bai ga mahaifinsa ba, yana shekara 6 mahaifiyarsa ta rasu, yana 8 kakansa Abdulmuɗɗalib ya bi ta, ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kai ko ɗan uwa don ka nemi aiki sau biyu ba ka samu ba har ka fara sakaci da sallar asuba, haba.

A 2020 da ambaliya ta cinye shinkafar Kebbi, kawuna da ke noma a fadamar Argungu ko buhu ɗaya bai ɗauka ba, ga bashin taki a wuyansa. Na je masa jaje ina ta jero kalamai, ya ce min "ɗana, Mai gonar ne Ya ɗauki abinSa", wallahi kunya ta kama ni. Ya yi kuka kam, na gani da idona, haƙuri ai bai hana hawaye. Ruwa na janyewa ya sayar da tunkiya biyu ya gyara injin ban ruwa ya koma noman rani, ranar da zai yayyafa iri ma ni na riƙe masa ƙwarya.