Zomanya ta wuce kwanan haihuwa, asibitin dabbobi ya ce mu yanka

A garin nan, in dabbarka ba ta kai a ɗaura mata igiya a ja ta zuwa kara ba, to ka ɗauka ba ta da likita. Sa yana da likita. Ragon layya yana da likita. Dokin hawan Sallah yana da likitan da zai bi shi har barga da tsakar dare. Kajin gona dubu kuwa, waya ɗaya mai su zai buga a zo da jaka. Amma ka rungumo zomo a kwali ka shiga asibitin dabbobi, tun daga bakin ƙofa za ka ga yadda ake kallonka kamar ka rasa aikin yi. Na gani da idona, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Zomanyar ta 'yata ce. Ba kiwon kasuwa muke yi ba, dabba ce ta gida, yarinya ta raine ta tun tana 'yar mitsitsiya, ita ke tsinko mata ganyen dankali da harawa, ita ke share keji kafin ta tafi Islamiyya. Da aka kai ta wajen namiji, yarinyar ta rubuta ranar a bayan littafinta, don haka lissafinmu ba na kirdado ba ne. Cikin zomo ba ya daɗewa. Kwana 31 ne galibi, wata ta haihu a 28, wata ta ja zuwa 33. Daga nan kuwa abu ya fara zama abin tsoro, domin 'ya'yan suna ci gaba da girma a ciki alhali hanyar fita ba ta ƙaruwa, kuma in aka doshi kwana 35 da wuya a same su da rai. Abin da ya fi jawo wannan jinkiri shi ne ƙarancin 'ya'ya: wadda ta ɗauki bakwai ko takwas takan sauka da wuri, wadda ta ɗauki ɗaya ko biyu sai su yi ƙato su maƙale.

Tamu ta yi duk abin da ake jira. Mun sa mata akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa, ta kwashi ciyawa a baki ta shimfiɗa, ta tsige gashin ƙirjinta da na cikinta ta yi sheƙa. Zomanya takan haihu da dare ko da asuba, cikin rabin sa'a an gama, sau da yawa ba wanda ya gani. Kullum da sassafe yarinya ta leƙa, ba komai. Kwana 33 ya wuce. Sai ta daina cin abinci, kashinta ya ragu, ta koma lungu ta takure tana nishi, ga ɗan jini a kan ciyawa. Ga zafin bazara, ga babu wuta ballantana fanka, kuma zomo ba ya gumi, da kunnuwansa yake rage zafi. Wanda ya san zomo ya san in ya yi awa 12 bai ci ba, hanjinsa na iya tsayawa cak, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe shi ko da babu ciki.

Muka ɗauke ta sai asibitin dabbobi. Ba zan faɗi sunansa ba, ma'aikatansa sun san kansu. Ƙarfe goma na safe, ranar aiki, likita ba ya nan. Ya fita gonar wani babban mutum duba shanu. Yaushe zai dawo? Sai dai Allah. A ba mu lambarsa? Ba a ba da lambar likita. Akwai wani da zai duba ta? Mutumin da ke zaune a kan benci yana latsa waya ya ɗaga murfin kwalin da yatsa ɗaya, ya leƙa, ya kwashe da dariya.

"Hajiya, zomo ne fa! Ai ni na ɗauka wani abu ne. Ku yanka ta kawai kafin ta mutu ku yi asara. Ga shi ma ta yi ƙiba."

A gaban yarinyar ya faɗa. Ta riƙe mini hijabi ta ce, "Umma, yanka ta za su yi?" Na ce masa, Malam, ba mahauci na zo nema ba, da mahauci nake so na san hanyar kwata. Sai ya ce ai shi gaskiya ya gaya mini, kuɗin magani zai fi kuɗin zomon. To ina ruwanka da aljihuna? Na ce maka ba zan biya ba? A ƙofar ginin nan an rubuta dabbobi, ba a rubuta shanu da awaki kaɗai ba. Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Kuma mu da muka tashi muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, bai kamata a ce sai an koya mana cewa ƙaramar dabba ma tana da haƙƙi a kanmu ba.

Na tambaya ko suna da na'urar hoton ciki. Akwai, amma ta lalace. Tun yaushe? Ya ɗaga kafaɗa.

Daga nan wani ya tura mu shagon maganin dabbobi a bakin kasuwa, kuma a nan ne abin ya fi ba ni tsoro, don na asibiti raini ya yi mana, na shago kuwa kashe ta zai yi da fara'a. Wani yaro ne a kan kanta, bai ko buɗe kwalin ba. Yana jin "ta kasa haihuwa" ya miƙa hannu kan shiryayye ya ɗauko allurar naƙuda, ya ce a tsira mata yanzu-yanzu za ta zubo su. Nawa za a sa? "Kamar rabin na akuya." Rabin na akuya! Ga dabbar da ba ta fi kilo uku ba. Wannan allura, oksitosin, aikinta ta sa mahaifa ta matse da ƙarfi. In hanya a buɗe take, ƙarfin naƙuda ne kawai ya gaza, tana taimakawa. In kuwa ɗa ya toshe hanya, mahaifa za ta yi ta matsawa a kan abin da ba zai fita ba har ta fashe. Shi ya sa likita na ƙwarai ba ya yin ta sai ya taɓa ya tabbatar. Balle ma magani ne da ake ajiyewa a firji, shi kuwa a kan katako yake, a ƙarƙashin rufin kwano, a watan Afrilu.

Bai tsaya nan ba. Ya haɗo da garin amoksilin a leda, wai a zuba mata a ruwan sha saboda jinin. Wannan kam guba ce ga zomo. Magungunan dangin fenisilin, in aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin halittar da ke taya shi narkar da ciyawa a hanji, sai miyagun su yi yawa, gudawa ta kama shi, cikin 'yan kwanaki a tsinci gawa. Littattafan kiwon zomo da yawa sun yi wannan gargaɗi. Amma wanda aka bar wa shago bai taɓa ji ba, a wurinsa duk abin da ke cikin keji kaza ce. Mutum nawa ya sayar wa wannan ledar? Zomaye nawa suka mutu masu su suka ce ajali ne ko iska ce ta buge su?

Ban saya ba. Na rubuta a zauren masu kiwon zomo na WhatsApp, inda nake tsammanin samun masu sani. Allah Ya saka wa mutum biyu da suka ce in nemi likita cikin gaggawa. Sauran kuwa! Wani ya ce in matsa cikin daga sama zuwa ƙasa. Wani ya ce jiƙon kanwa. Wani ya ce in mayar da ita wajen namiji, dabbar da ko tsayuwa da ƙyar take yi. Wani ya rantse ba ta da ciki, cikin ƙarya ne. Ai kuwa cikin ƙarya gaskiya akwai shi a zomaye, domin zomanya ba ta sakin ƙwai sai an hau ta, wani lokaci barbarar ba ta kama ba amma jikinta ya ɗauka ta kama, har ta tsige gashi. Sai dai wannan yakan ƙare a kwana 16 zuwa 18, ba ya kaiwa wata guda da jini da nishi. Na yi masa bayani, ya ce shi shekararsa goma yana kiwo. Na bar shi da shekarunsa.

Wadda ta cece mu wata matashiyar likita ce da maƙwabcinmu mai kaji ya kira, tana aiki da gonaki masu zaman kansu. Ta zo bayan la'asar a Keke Napep. Ta wanke hannu, ta kwantar da zomanyar a kan tawul, ta shafa cikin a hankali da yatsu, ta ce biyu ne, kuma na gaban ya tsaya a hanya. Da man shafawa da haƙuri ta zaro shi, ƙato, ya riga ya mutu. Sai bayan hanya ta buɗe ta yi allurar da yaron shago ya so a fara da ita, ɗan ɗigo a ƙaramin sirinji, daga cikin kula mai ƙanƙara. Na biyun ma ya fito babu rai. Ta sa mata ruwa a ƙarƙashin fata, ta ba da maganin ciwo, ta nuna wa yarinyar yadda za ta dama abincin zomo ta riƙa ɗura mata kaɗan-kaɗan har ta koma ci da kanta. Ta ce da an ƙara kwana ɗaya sai tiyata, kuma tiyatar zomo a garin nan ba ta san inda za ta tura mu ba.

Na tambaye ta, Likita, da an duba ta tun da safe fa? Ta yi shiru, sannan ta ce rai na Allah ne, amma awa shida a irin wannan hali ba ƙaramin abu ba ne. Awa shidan da muka ɓata tsakanin mai dariya da mai leda.

Abin haushin, ilimin nan yana nan a ƙasar nan. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kan zomaye. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Filato tana nan tun 1924. Jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna yaye likitocin dabbobi duk shekara. Kullum a rediyo ana kiran mata da matasa su rungumi kiwon zomo, ba ya cin wuri, ba ya cin jari. Mun runguma. To in ya yi ciwo mu kai shi ina? An tura mutane cikin kiwo, an bar su da yaran shago.

Ni buƙatata ba ta da yawa. Asibitin da ke da likita ɗaya, in zai fita gona, a liƙa lambar waya a ƙofa ko a bar wanda ya iya taɓa ciki. A gyara na'urar nan ko a cire ta daga allon da ke waje. Mai shagon da ke sayar da allurar naƙuda ya sayi firji, ya kuma daina barin yaron da bai san nauyin zomo ba yana yanke wa mutane awo da ka. In kuma asibitin ya yanke shawarar ba ya duba zomaye, to a rubuta da manyan baƙi a bakin get, mu san tun daga titi, mu juya da kwalinmu mu nemi wani wurin tun rana ba ta yi ba.