Baitulmali ne ke yanke hukuncin yaƙi

Masu iya magana sun ce yaƙi ɗan zamba ne. A ganina babbar zambarsa ita ce yadda ake ɓoye wa jama'a kuɗinsa. Shugaba zai fito yana yi wa sojojinsa kirari, amma ba za ka ji ya faɗi aljihun da kuɗin mai da harsashi da abincinsu zai fito ba.

A duba Yaƙin Duniya na Biyu. Sai da Amurka ta daina sayar wa Japan man fetur a 1941 sannan Japan ta kai hari sansanin sojojin ruwan Amurka da ke Pearl Harbor, idonta na kan rijiyoyin man yankin da ake kira Indonesiya a yau. A 1942 Hitler ya tura dakaru kudancin Tarayyar Sobiyet suna hankoron man birnin Baku, ba su kai ba. A ɓangaren Amurka kuwa, masana'antar Ford ta Willow Run ta kai ga haɗa jirgin yaƙi samfurin B-24 guda ɗaya a kusan kowace awa. Komai taurin zuciyar sojan Jamus, in ya kakkaɓo jirgi da hantsi, kafin la'asar an ƙera wasu. Tankin da babu mai a cikinsa kuwa tarin ƙarfe ne kawai.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bashi. Birtaniya tana cikin waɗanda suka yi nasara a 1945, amma sai a Disambar 2006 ta gama biyan rancen da ta karɓa daga Amurka bayan yaƙin. Jikokin sojojin ne suka ƙarasa biya da harajinsu. Don haka nake ganin bai dace majalisa ta amince da yaƙi ba sai an baje mata lissafinsa a fili.

Da Rasha ta afka wa Ukraine a Fabrairun 2022, ƙasashen Yamma sun riƙe mata kusan dala biliyan 300 na ajiyar babban bankinta. Da yawa sun zaci za ta durƙushe nan da nan. Ina! Indiya da China suka shiga sayen manta da rahusa, kuɗi ya ci gaba da shigowa, yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Masar, da ke sayen mafi yawan alkamarta daga Rasha da Ukraine, ba ta harba ko harsashi ɗaya ba, amma a watan Maris na shekarar sai da ta karya darajar kuɗinta, farashin burodi ya tashi a Alƙahira.