Lissafin gari ɗaya yana ɓoye na unguwa

Rahoton da ya ce masu kashe kansu sun fi yawa a unguwannin talakawan Birtaniya gaskiya ne wallahi, a Scotland ma ai adadinsu a unguwannin da talauci ya fi ma katutu ya ninka na unguwannin masu hali fiye da sau 2. Amma ni inda nake so a duba shi ne yadda ake yanka taswirar. In ka ɗauki Landan gaba ɗayanta sai ka ga adadin ya yi ƙasa sosai in an kwatanta da arewa maso gabashin Ingila, can wajen su Middlesbrough da Sunderland inda masana'antu suka mutu, to amma Landan ɗin ai ba abu ɗaya bace, a unguwar Kensington kaɗai layi ɗaya attajirai ne, ka ɗan taka kaɗan sai gidajen gwamnati mutum shi kaɗai a ɗaki ga bashi ga sanyi ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ka haɗa su a lissafi ɗaya kuɗin wancan ya rufe kukan wannan. Kuma kusan kashi 3 cikin 4 na masu kashe kan nasu maza ne fa, mu da bama faɗin damuwarmu sai dai ace lafiya lau.