Hana iyali jin labarin nasu ma wani yaƙin ne

Duk lokacin da aka tashi ba da tarihin yaƙin basasa, abin da ake ƙirgawa shi ne gawarwaki, da garuruwan da aka kama, da ranar da manya suka zauna suka sa hannu a takardar sulhu. Ba kasafai ake ƙirga watannin da uwa ta yi ba ta san ko ɗanta na raye ba. Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne: toshe hanyar da iyali ke jin labarin junansu zalunci ne mai zaman kansa, kuma ya kamata a riƙa lissafa shi tare da hana abinci da hana magani. Duk wanda ya rufe gidan waya ko ya kashe layin sadarwa a yankin da ake yaƙi, ya san ko bai sani ba, mata da tsofaffi da yara ya yaƙa.

Yaƙin basasa ya fi yaƙin ƙasa da ƙasa muni ta wannan fuskar. Idan ƙasashe biyu ke faɗa, dama can akwai iyaka, kuma yawancin mutane danginsu na ɓangare ɗaya da su. A yaƙin basasa kuwa iyakar tsakiyar dangi take ratsawa. Wa yana can, ƙane yana nan. 'Yar da aka aurar wani gari ta wayi gari a "ƙasar abokan gaba" alhali ko ƙofar gida ba ta fita ba. A Amurka, da yaƙi ya ɓarke a 1861, ƙarshen watan Mayu aka dakatar da jigilar wasiƙu tsakanin Arewa da Kudu. Amma ku lura da abin da ya biyo baya, domin zan dawo kansa: ɓangarorin biyu, duk da suna kashe juna, sun bar wata 'yar kafa. Ana miƙa wasiƙu ƙarƙashin farar tuta, galibi ta sansanin Fort Monroe a jihar Bajiniya. Sharaɗin shi ne a bar ambulan a buɗe, kada a wuce shafi ɗaya, kada a taɓo komai sai zancen gida, kuma jami'ai za su karanta kafin ta wuce.

Wasiƙun wancan yaƙin da yawa suna nan a ɗakunan adana tarihi, kuma tun daga kan takardar mutum zai gane halin da ake ciki. A Kudu takarda ta yi wuya ƙwarai saboda an datse tashoshin jiragen ruwa. Sai mace ta ɓare ambulan ɗin da mijinta ya aiko, ta juya cikinsa waje, ta sake liƙewa, ta mayar masa da amsa a ciki. Wata ta yanko takardar adon da aka liƙa a bangon ɗaki ta naɗa ambulan, furanni a ciki, adireshi a baya. Idan shafi ya cika ba a ɗauko wani, sai a karkata takardar a ci gaba da rubutu a kan wanda aka riga aka yi, layi ya gitta layi, mai karatu ya yi ta juya ta. A Arewa kuma gwamnati ta yarda soja ya aika wasiƙa ba kan sarki, ya rubuta a bayanta cewa ta soja ce, wanda ya karɓa ya biya. A 1864 aka buɗe hanyar aika kuɗi ta gidan waya, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne sojoji su daina cusa albashinsu a ambulan yana salwanta a hanya.

To me ke cikin wasiƙun? Wanda ya buɗe su yana neman jarumta zai sha mamaki. Yawanci zancen shuka ne da girbi, da bashin da maƙwabci ya ƙi biya, da haƙorin jariri da ya fito, da safa da ake so a saƙo kafin sanyi ya shigo. Miji na can cikin tanti yana ƙoƙarin tafiyar da gida da alƙalami: kada a sayar da dokin, a gyara shingen, a tura yaro makaranta. Kafin wasiƙar ta iso mako uku ya wuce, matar ta riga ta sayar da dokin don babu yadda za ta yi, ta kuma rubuta masa dalili. A hankali umarnin da yake aikowa ya koma tambaya, ita kuma neman izininta ya koma sanarwa. Wannan sauyin, a gani na, ya fi labarin janar-janar bayyana abin da yaƙi ke yi wa gida. Ga kuma wanda bai iya rubutu ba, dole ya zauna gaban wani ya faɗa masa abin da ke zuciyarsa, a can gida ma wani ne zai karanta wa matar da ƙarfi. Maganar miji da mata ta bi ta bakin mutum biyu kafin ta isa, ina sirri a nan?

Akwai kuma ɓoyon da tausayi ke sawa. Shi ba zai faɗa mata gudawa ta kusa kashe shi ba, ita ba za ta faɗa masa rumbu ya kusa ƙarewa ba. Kowa na kare ɗan uwansa daga damuwa. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Sai dai ranar da ya dawo, sai a tarar kowanne ya yi shekaru yana zaune da hoton wani mutum da yanzu babu shi. Yaran da ya bari a goye sun girma suna ɓuya bayan uwarsu idan ya shigo. Shi kuma yana firgita cikin dare, ya kasa faɗin abin da ya gani.

Wannan ma ga wanda ya dawo ke nan. Aƙalla mutum 620,000 suka mutu a yaƙin Amurka, kuma babu wani tsari na hukuma da ke sanar da iyali. Ko dai a ga suna a jerin da jarida ta buga, ko wani abokin mamacin ya ji tausayi ya rubuto, ko kuma wasiƙa ta daina zuwa kawai. Da aka gama yaƙin a 1865, wata mai jinyar sojoji, Clara Barton, ta buɗe ofishin neman sojojin da suka ɓata a Washinton. Tana buga sunayensu a manyan takardu, a liƙa a gidajen waya, a sa a jaridu, duk tsohon sojan da ya gane wani suna ya rubuto abin da ya sani. Kafin a rufe ofishin a 1868 sun karɓi wasiƙu sama da 63,000, sun gano makomar mutum fiye da 22,000. Mafi yawansu labarin mutuwa ne, amma iyalai suna godiya, domin sanin kabari ya fi zaman jiran da ba shi da ƙarshe.

Bayin da aka 'yanta kuwa nasu ya fi ciwo, don an raba su da danginsu ta hanyar ciniki tun kafin yaƙin. Suna zuwa jaridu irin su Christian Recorder ta birnin Filadelfiya su biya kuɗin 'yar sanarwa: sunan uwa, sunan ubangidan da ya mallake ta, garin da aka sayar da ita, shekarar da aka rabu. Limaman coci su karanta a gaban jama'a ranar Lahadi, ko Allah zai sa wani ya santa. An ci gaba da buga irin wannan cigiya har farkon ƙarni na 20, wato mutum ya tsufa yana neman uwarsa.

A yaƙin basasar Sifen, daga 1936 zuwa 1939, ƙungiyar Red Cross ta yi amfani da wani ɗan fom: a gaba mai aikawa ya rubuta kalma 25 na zancen iyali kawai, a baya a bar wurin amsa. Saƙo wajen miliyan 5 ya tsallaka fagen daga ta haka. Bayan shekara 10 abin ya shiga doka. Sashe na 25 na Yarjejeniyar Jeniba ta Huɗu ta 1949 ya ce duk wanda ke yankin yaƙi yana da haƙƙin aika wa iyalinsa labari da karɓar nasu, kuma idan dole sai an taƙaita, to a bar masa kalma 25 na zaɓinsa aƙalla sau ɗaya a wata. Ku ɗan tsaya ku gwada, jama'a. A ce kalma 25 ce rabonka wannan watan. Gaisuwa kaɗai ta cinye rabi. Za ka faɗi rasuwar da aka yi, ko haihuwar? Za ka tambayi lafiyar tsohuwa, ko ka faɗi inda kuka koma don a san inda za a neme ku? Duk da ƙanƙantar wannan fom ɗin, mutane sun rayu a kansa, suna ninke shi a aljihu har ya yage.

Rashin labari ba a zuciya kaɗai yake cizo ba, yana tsayar da rayuwar gida cak. Matar da mijinta ya ɓata, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Ba a raba gado, ba a sayar da gona, ba a taɓa kuɗin banki, yara ba marayu ba amma rayuwar marayu suke. Malaman fiƙihu sun daɗe da ganin nauyin wannan, shi ya sa aka buɗe babin mafƙudi, wato wanda ya ɓata ba a san ko yana raye ba, kuma an ruwaito hukuncin Sayyidina Umar cewa matar ta jira shekara 4 sannan ta yi idda wata 4 da kwana 10. A Labanan, inda aka yi yaƙi daga 1975 zuwa 1990, ana ƙiyasin mutum 17,000 sun ɓata. A 1982 aka tafi da mijin wata mata mai suna Wadad Halwani daga gida. Ta je gidan rediyo ta yi kira ga duk wanda aka ɗauke masa wani su haɗu a gaban wani masallaci a Bairut, tana fatan samun 'yan kaɗan da za su raka ta wurin hukuma. Ɗaruruwan mata suka fito. Sai a 2018 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta amince cewa iyalai na da haƙƙin sanin makomar nasu, bayan shekara 36, iyaye da yawa sun riga sun mutu suna jira.

A Koriya kuwa har yau babu wasiƙar da ɗan Koriya ta Kudu zai jefa a akwati ta isa Koriya ta Arewa. Ko a cikin Kudun ma, sai a 1983, shekara 30 bayan tsagaita wuta, gidan talabijin na KBS ya fara wani shiri na cigiya. An yi niyyar ɗan gajeren shiri ne, sai jama'a suka yi wa gidan tsinke, aka ci gaba kwana 138. Mutum ya tsaya gaban kyamara riƙe da allo mai sunansa da sunan ƙauyensu. Idan an haɗa biyu, tambayoyin da suke yi wa juna su ne tabon da ke bayan kunne, da sunan kaka, da inda aka saki hannun juna a tashar jirgi. Iyalai sama da 10,000 suka haɗu. Duk waɗannan shekarun suna ƙasa ɗaya, ba su samu hanyar gano juna ba. A yaƙin basasar Najeriya ma, tsakanin 1967 da 1970, an kwashe yara wajen 5,000 a jirgi zuwa Gabon da Kodebuwa da Sao Tome don ceton ransu daga yunwa, kuma da aka tashi mayar da su, wasu sun yi ƙanƙanta da yawa a lokacin da aka tafi da su, ba su riƙe cikakken sunan iyayensu ba.

Wani zai ce ai wannan zamanin ya wuce, yanzu kowa da waya a hannu. Wayar ce ma ta sa abin ya fi sauƙi ga azzalumi. Da sai an tsare hanya an kama ɗan aike, yanzu umarni ɗaya ya isa a kashe miliyoyin layuka. A yankin Tigray na Habasha, daga Nuwamban 2020 aka yanke waya da intanet da bankuna kusan shekara 2. Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Adhanom Ghebreyesus, wanda ɗan yankin ne, ya fito fili a 2022 ya ce ba ya iya magana da danginsa, ba ya iya aika musu kuɗi. Idan mai wannan matsayi ya rasa hanya, ina ga talaka? A Sudan, bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, mutanen Darfur sun koma rubuta wasiƙa da hannu suna ba direbobin mota. A Fabrairun 2024 sabis ya ɗauke a kusan duk ƙasar, a lokacin da gidaje da yawa ke ci daga kuɗin da dangi ke turowa ta waya. Ranar da layi ya mutu, tukunya ma ta mutu.

Hujjar da ake kawowa kullum ita ce tsaro, wai 'yan tawaye na amfani da layin. Ban raina wannan damuwar ba, akwai gaskiya a cikinta. Amma masu bindiga suna da oba-oba da wayar tauraron ɗan adam, su ba su rasa komai ba. Wadda ta rasa ita ce mai naƙuda da ke neman mota, da ɗan da ke ƙetare yana kiran lambar mahaifiyarsa dare da rana. Kuma idan mutanen 1861, da farar tuta da jirgin ruwa, sun iya samo hanyar da wasiƙar gida za ta wuce bayan an karanta ta, babu gwamnati ko ƙungiyar da za ta ce mini ta rasa dabara a yau.

Saboda haka abin da nake so in gani a duk teburin sulhu, tun zaman farko kafin a kai ga rabon muƙamai, abu uku ne: a buɗe layukan sadarwa, kowane ɓangare ya miƙa sunayen waɗanda yake tsare da su, ya kuma nuna inda ya binne waɗanda suka mutu a hannunsa. Mu kuma a gidajenmu, a koya wa yaro cikakken sunan uwa da uba da sunan garinsu tun yana fara magana, a rubuta lambobin dangi a takarda domin waya na iya faɗawa hannun wani a shingen farko. Wanda kuma yaƙi ya raba shi da wani nasa, komai daɗewar abin, ya je ofishin Red Cross ko Red Crescent mafi kusa ya ba da suna da hoto da wurin da aka yi masa gani na ƙarshe. Sashen neman dangi ba ya karɓar ko sisi.