Wanda ya zuba kuɗi shi ke da rijiya

Zaman Glasgow ya sa na gane cewa kuɗin wannan gari mai yawan ruwan sama ne ya tono man Iran.

William Knox D'Arcy, attajirin da ya kuɗance da zinariyar Mount Morgan a Ostiraliya, ya karɓi izinin neman mai daga Sarkin Farisa, wato Iran, a 1901. Ya biya fam 20,000 lakadan, da hannun jari na wasu 20,000, da alkawarin kashi 16 cikin 100 na riba. Shi kansa ko sau ɗaya bai taka ƙasar ba. Aka yi ta haƙa, aljihu na zurarewa, sai kamfanin Burmah Oil na nan Glasgow ya ɗauki nauyin aikin a 1905. Su ma haƙurinsu ya kusa ƙarewa, har sun aika wa injiniya George Reynolds cewa in ba a dace ba ya tattara ya-nasa-ya-nasa. Ranar 26 ga Mayu, 1908 mai ya yi tsiri a Masjid Sulaiman. A 1914 Churchill, ministan sojan ruwa a lokacin, ya sa gwamnatin Birtaniya ta sayi kashi 51 na kamfanin da aka kafa don haƙar man, don jiragen ruwanta na yaƙi sun koma shan mai. Kamfanin nan shi ne BP a yau.

Sunan D'Arcy ma ya biyo mu gida, domin kamfanin Shell D'Arcy ne ya fara neman da ya kai ga gano mai a Oloibiri ta yankin Neja Delta a 1956, bayan kusan shekara 20.

Mu fa? An yi bikin fara haƙar mai a Kolmani a 2022, muka tafa, muka koma jiran gwamnati. Alhazanmu na Kwari da Singa suna da kuɗi, amma sun fi son hajar da za ta juya kafin wata uku. Ban ga laifinsu sosai ba. Wa zai binne dukiyarsa shekara bakwai alhali naira na narkewa kamar ƙanƙara a Maiduguri? Sai dai duk wanda ya ƙi jira, ɗan kaso zai karɓa. A rijiyoyin man Agadem ta Nijar Sinawan CNPC, kamfanin man gwamnatinsu, ne suka zuba kuɗin, su ne kuma ke da babban kaso a matatar Damagaram.

Iraniyawa sun gaji da ɗan kason nan, Firaminista Mosaddeq ya ƙwace kamfanin a 1951. Bayan shekara biyu Birtaniya da Amurka suka haɗa kai aka hamɓare shi.